Ƙarfen da Yaya Jummai Ke Ba Ruwa

Ku zauna ku ji, tunda kun ce aikin kahraba, wutar lantarki, waya biyu ne da ɗan shirit na liƙewa. Ɗaya mai zafi, ɗaya mai sanyi, ka murɗa nan, ka murɗa can, ƙwai ya kama, a ce maka usta, gwanin sana'a. Haka kuka gani a wayoyinku na hannu ko? To madalla. Ni gemuna a kan amud ya yi fari, turakun nan da ke ɗauke da wayoyi, kuma har yau in zan taɓa waya sai na duba na sake dubawa. Ba kuma mai zafin ce ta fi ba ni tsoro ba. Mai zafi kowa ya san ta, kowa na kauce mata. Wadda kuke rainawa, mai sanyin, wadda masu karatu ke ce wa niyutiral, ita ce ta hana ni sakin jiki a wagga sana'a.

A Wad Madani na koyi aikin, hannun wani Usta Babikir, mutum mai ƙaramin jiki da babban faɗa. Babana ya kai ni gunsa saboda hawashar da muke nomawa, gonar ban-ruwa ke nan, ba tamu ba ce, kuma bakunan gidanmu sun fi gonar yawa. Na daɗe ba abin da nake yi sai ɗaukar tsani da jaka. Ranar da ya fara koya mini da gaske, muna wani gida ne muna gyaran wayoyin falo. Ya miƙo mini tasta, ɗan sukundireban nan mai fitila a ciki, ya ce in ɗora kan mai zafi. Ta kawo ja. Ya ce in ɗora kan mai sanyi. Ba ta kawo komai ba.

Ya ce, "Wannan ta mutu ko?"

Na ce, "Ta mutu, Usta."

Sai ya kunna ƙwai guda, ya kwance mai sanyin daga mahaɗarta, ƙwan ya mutu. Ya nuna mini bakin wayar da ta fito daga ƙwan, ya ce, "Gaishe da gawar." Na ɗora tasta, sai ga ja jawur. Wallahi sai da na ja baya na buge bango. Ya kama kunnena ya murɗa, ya ce, "Ya walad, kai yaro, sanyinta na ɗaure ne. Muddin tana haɗe da hanyar gida, lafiya lau. Ka yanke mata hanya, ta zama ƙanwar waccan, uwa ɗaya uba ɗaya."

Abin da ya sa kuwa, kahrabar da ke cikin gidajenmu ba irin ta batir ba ce mai tafiya gaba kawai. Wannan zuwa take ta dawo, ta je ta dawo, sau da yawa kafin ka ƙifta ido. Daga muhawwil take fitowa, wato tiransifoma, kuma dole ta sami hanyar da za ta rufe zagayenta can. Mai zafi ita ce ƙofa ɗaya, mai sanyi ita ce ɗayar. In ka toshe ta biyun, wutar ba ta fasa nema ba. Za ta bi bango, ta bi famfo, ta bi ƙarfen gado, ta bi ɗan Adam. Kuma wannan zuwa da dawowar shi ne ke murɗe naman hannu. Ba ture ka take ba kamar yadda kuke zato, damƙe maka yatsu take a kan abin da ka riƙe, ka so saki ka kasa, ka so ihu muryar ta ƙi fita. Shi ya sa Usta Babikir ya hana mu taɓa kowane ƙarfe da tafin hannu. Sai da bayan hannu, don in ta damƙe, ta damƙi iska.

Kayan aikina ba su da yawa, kuna ganinsu. Zarradiyya mai hannun roba, wadda wasu ke ce wa filaya, tasta, wuƙar fere waya, shirit, da ƙwai guda mai wutsiyar waya biyu. Kada ku yi wa ƙwan nan dariya. Tasta maƙaryaciya ce, tana kawo ja don abin da bai kai ya kawo ba, wani lokacin kuma rana ta haske ta ka kasa gani. Ƙwai ba ya ƙarya, in ya kama akwai wuta mai ƙarfin kashe mutum. Sai takalmi. Wanda ya zo mini aiki da silifas mai huda, gida nake kora shi.

Akwai wani aiki a kasuwar Hasahisa da ba na mantawa. An kira ni a guje, wai aljanu sun shiga layin shaguna. Na tarar da ƙwayaye a shagon mai shayi suna haske kamar za su yi magana, suna fashewa ɗaya bayan ɗaya, talajar mai kanti, firjinsa ke nan, tana hayaƙi, shi kuwa tela da ke kusa da su ƙwansa ya koma kamar garwashi. Mutane sun taru ana ta a'uzubillahi. Ni ma na yi, amma na ɗaga kai sama. Mai sanyin ce ta kwance a kan amud, iska na kaɗa ta. Kun san masu zafi uku ne ke fitowa daga muhawwil, ana raba wa gidaje. Aikinsu kamar mata uku ne masu lugude a turmi ɗaya, wannan ta sauke taɓarya, waccan ta ɗaga, ba sa haɗuwa. Mai sanyi ita ke kwashe abin da ya yi saura in nauyin wani layi ya fi na wani. Da ta tsinke, sai layukan suka koma jan juna, mai kaya kaɗan ya sha wutar da ta fi ƙarfinsa, mai kaya da yawa ya rasa. Na ɗaure ta, aljanu suka kama gabansu. Mai kanti bai gode mini ba, talajarsa yake wa kuka.

Masu kiran aiki kuwa halinsu ɗaya daga Sinja har nan. Kowa so yake ka sa masa mai zafi mai kauri, mai sanyi kuwa ko wace siririya ce, wai ai ba ta cizo. Ka yi bayani har bakinka ya bushe, mutum ya ce, "Ma'alesh, Usta, yi haƙuri, yi dai yadda na ce." Da ina saurayi ina faɗa. Da na girma sai in tattara jakata in tafi.

To, ga shekarar da ta fi kowace muni. Kun san yadda yaƙi ya kore mu, kowa ya watse inda ƙafa ta kai shi, kun kuma san abin da muka tarar da muka dawo. An kwashe wayoyi daga kan amud saboda ƙarfensu, an bar turaku tsirara. Ni na makara wajen dawowa. Da na sauke iyalina, sai na nufi ƙauyen da aka haife ni, can bakin tur'a, babbar hanyar ruwan noma, in duba yayata, Yaya Jummai. Ita ta goye ni bayan rasuwar innarmu, har yau kuma Auta take ce mini, da furfurata da komai. Mijinta, Malam Idirisu, ɓarin jikinsa ya shanye a wajen gudun. Ba ya tashi, maganarsa ba ta fita sosai, kuma zafi ne babban maƙiyinsa. In ɗaki ya ɗumama sai numfashinsa ya riƙa sarƙewa.

Na iso na ga garin da wuta, na yi murna. Ashe mutanen sun yi gayya, sun tsinto guntayen waya nan da can, sun ja masu zafi daga muhawwil da Allah ya sa ya tsira. Wayar ba ta isa a ja mai sanyi ba. Sai wani da ya taɓa gani a wani wuri ya ce ai ƙasa ma hanya ce. Kowane gida aka kafa ƙarfen gini a tsakar gida, aka ɗaura masa mai sanyin gidan. Ƙwai ya kama, aka yi guɗa.

Ina zaune a ɗakin Malam muna gaisawa, sai na ga fanka tana rage gudu, ƙwai yana lumshewa. Yaya ta tashi tana cewa, "Ƙarfe ya ji ƙishi." Ta ɗauki jardal, bokitin ƙarfe, ta cika shi a randa. Na bi ta da ido ta ƙofa. Ba takalmi a ƙafarta, alwala ta gama. Ta tsaya gefen wani ƙarfe da ke kafe dab da randunan, ta shiga tsiyaya masa ruwa kamar mai ba dashe. Nan take fankar ta ɗauki gudu.

Ban san sanda na fito ba. Na ce, "Yaya, ajiye! Ajiye jardal ɗin nan, ki ja baya!"

Ta dube ni ta ce, "Mi ya same ka, Auta? Kunama ka gani?"

Kun san ƙasarmu ta Jazira, baƙar laka. In ta sha ruwa ta yi laushi, in rani ya yi ta bushe ta tsattsage har ƙafar akuya na faɗawa. In ta jiƙe, wutar da ta gama aiki a fanka tana samun ɗan wucewa. In ta bushe, sai ta tsaya a jikin ƙarfen tana jiran wanda zai ba ta hanya, kuma yawan kayan da ka kunna, yawan abin da ke jira. Matan garin sun gane da kansu cewa ruwa na ƙara haske, sai abin ya shiga cikin aikin gida. Da safe a share tsakar gida a ba ƙarfe ruwa, bayan la'asar a sake ba shi. Don kada a yi asarar ruwa ma, kowa kusa da randa ya kafa nasa, inda ƙasa ba ta rabuwa da danshi, inda kowa ke zuwa sha ƙafa ba takalmi.

Na ciro ƙwaina mai wutsiya biyu. Na kafa ƙusa can nesa kaɗan, na ɗaura waya ɗaya, na taɓa ɗayar a jikin ƙarfen. Ƙwan ya yi ja.

Na ce, "Kin gani? Abin da ya kunna wannan shi ne zai bi ta jikinki."

Ta yi dariya har da tafa hannu. "Ashe mun sami ƙarin ƙwai! Bar mini shi nan in riƙa ganin randa."

"Yaya, don Allah don Annabi, ba wasa nake ba."

"Yana ɗan tsikarina a yatsu, na sani. To sai mi? Tun da muka dawo nake ba shi, ga ni tsaye. Kai ka san yadda Malam ke yi in fankar nan ta tsaya? Ka taɓa kwana kana jin mutum na neman numfashi?"

Ido wa ka raina, wanda nake gani kullum. Ƙarfen ta raina, ni ma ta raina ni, yaron da ta wanke wa kashi.

Bayan azahar na tsaya a masallaci na yi wa dattawa magana. Suka saurare ni da mutunci. Wani ya ce akuyarsa ta faɗi matacciya gefen ƙarfensu kwanaki, amma sun ɗauka maciji ne. Na ce ba maciji ba ne, dabba ƙafafunta nesa da juna suke, wutar ta shiga ta gaba ta fita ta baya. Sai liman ya ce, "Usta, ba mu ƙi ta taka ba. Kawo waya, yau mu tumɓuke su. Amma a wanga zafi, da tsofaffi da jarirai, ba ma kashe wa gari wuta." Garinsu ne, kuma iyayena ne, na sunkuyar da kai.

Abin da na iya shi ne gidan yayata. Na hau amud ɗin ƙofarta na cire layinta. Tana tsaye ƙasa tana faɗa mini maganganun da ba zan maimaita muku ba. Na ce ta yi haƙuri, zan je Madani in samo wayar da za ta isa daga muhawwil zuwa layinsu, ba zan daɗe ba.

Na daɗe. Shagunan da na sani ƙofofinsu a ɓalle suke, ciki wayam. Wanda ke da waya ya ɓoye ta. Na bi tsofaffin abokan aiki gida gida, wasu sun rasu, wasu ba a san inda suke ba. Duk inda na zauna sai in ga jardal ɗin nan a idona, abinci ma ya daina shiga. Da ƙyar wani da muka yi koyo tare ya tono mini tsohuwar waya daga bayan ɗakinsa, duk ƙulli, na naɗe ta na kamo hanya.

Raksha, babur ɗin haya mai ƙafa uku, ta sauke ni bayan la'asar. Tun daga bayan katanga na ji ƙarar fanka, ƙur, ƙur, tana jan jiki da ƙyar. Ashe ta sa maƙwabci ya mayar da layin, har ya kawo talajarsa ya jona a gidanta saboda tasa wutar ba ta da ƙarfi. Na jefar da wayar, na faɗa gidan ba sallama.

Tana bakin ƙarfen, ta ba ni baya, ta sunkuya. Ƙasar ta bushe ƙwarai, don haka ta matso da jardal ɗin don ruwan ya shiga tsagar gindinsa. Na kira ta. Kafin ta waiwayo, bakin jardal ɗin ya taɓa ƙarfen.

Ba ta yi ihu ba. Wannan shi ne abin da nake so ku riƙe. Ba ƙara, ba tartsatsi, ba komai. Jikinta ya sandare, kanta ya karkace, hannunta ya damƙe mariƙin jardal, jardal ɗin yana kaɗawa a jikin ƙarfen, kar kar kar. Wanda bai sani ba sai ya ce tsayawa ta yi tana tunani. A cikin ɗaki kuwa fanka ta ɗauki gudu, saboda ta sami hanya ta jikin yayata.

Zuciyata ta ce in rungumo ta. Da na yi, da gawa biyu aka ɗauka. Allah ya sa idona ya faɗa kan ƙotar fartanya jingine da bango, busasshiya, ba ruwan ƙarfe a kanta. Na ɗauka na maka wa jardal ɗin da duk ƙarfina. Ya yi tsalle, ita ta zube. Na kama gefen zanenta na ja ta har bakin madafa, ƙafafuna na jin tsikari ta cikin takalmi, ko kuwa tsoro ne, ban sani ba. Na ruga na kashe makunnin gidan, na dawo na durƙusa. Leɓɓanta sun yi duhu. Ina kiran "Yaya, Yaya," ina salati, ina jijjiga ta. Can sai ta ja wani dogon numfashi mai gurnani, ta yi tari. Tafin hannunta na dama ya ƙone, shatar mariƙin ta kwanta a kai fari fat.

Ta buɗe ido, ta daɗe tana kallon sama. Sannan ta ce, da wata 'yar murya, "Wa ya kashe wa Malam fanka?"

Mata suka shigo suka kewaye ta, aka aika a kira mai duba marasa lafiya na garin. Ni kuwa na fita na hau amud in sake cire layin, in yanke shi yadda ba mai iya mayarwa. Ko shelar da muka saba yi don mata su kimtsa kafin namiji ya hau sama ban yi ba. Da na kai ƙoli na ɗaura igiya, sai na duba. Daga can ana ganin tsakar gidajen garin duka. Rana ta yi sanyi, lokacin ba ƙarfe ruwa ne. A gidan da ke gabas wata mai ciki ta fito da jardal. A na bayansa wata tsohuwa ce ke jan nata da hannu biyu. Can gaba wata da goyo a baya ta riga ta fara tsiyayawa.

Ban san yadda na sauko ba. Na ruga wajen muhawwil, na zare fiyus ɗinsa duka, na zuba a jakata na rataya. Garin ya yi tsit. Kafin magariba maza sun kewaye ni, wani na lallashi, wani na zagi, wani ya ce zai kai ƙarata. Na ce su kai. Na ce fiyus ɗin nan ba su komawa sai an ja mai sanyi har gidan ƙarshe, kowane ƙarfe kuma an tumɓuke shi na gani da idona. Liman ya dube ni, ya dubi gidan yayata, sai ya juya ya shiga masallaci. Da suka ga bai goya musu baya ba, sai suka ƙyale ni.

Aikin ya ɗauki lokaci, domin wayar da na kawo ko rabin gari ba ta kai ba, kuma in na kunna wa layi ɗaya, sauran za su jona su koma ga ƙarfensu. Aka bazama neman guntaye, ni ina ƙullawa. A cikin wannan zafin garin ya zauna ba fanka ba talaja, kuma kowa ya san sunan wanda ya jawo.

Kashegarin ranar da abin ya faru, da rana tsaka, na tattara ƙarfin hali na shiga gidanta. Ɗakin kamar tanda. Malam na kwance, ƙirjinsa na hawa da sauka, an shimfiɗa masa jiƙaƙƙen zane. Yaya na zaune gefen gadon, hannun dama a naɗe cikin farin ƙyalle a kan cinyarta, tana yi masa fifita da hagu. Na yi sallama, Malam ya amsa da ido. Ita ta amsa can ƙasan maƙoshi, ba ta ɗago ba. Na tsuguna bakin ƙofa, na rasa ta inda zan fara. Na ce, "Yaya, ya hannun?"

Ta ci gaba da fifita har sai da maficin ya fara karkacewa a hannunta. Sannan ta miƙo mini shi, idonta na kan Malam.

"To karɓi, Auta, tunda kai ka kashe. Hannuna ya gaji."

Na matsa na karɓa.